Kawu Ya Raba Gidan Haya Ƙasa-Ƙasa

Kawu ya ce duniya ta sha kashi a hannun annobar nan ne saboda girman kai: kowace ƙasa ta ɗauki dabara ɗaya ta ƙanƙame, ba wadda ta leƙa ta ga abin da maƙwabciyarta ke yi. Da shi aka tambaya, in ji shi, da ya tara dabarun duka a wuri guda, ya jera su kamar kayan kanti, a ga wadda ta fi. Ba a tambaye shi ba. Shi ya sa da tari ya ɓulla a gidan hayar da yake gadi, bai ɓata rai ba. Ni dai na ga ma kamar ya ɗan yi ƙiba.

Ƙanen mahaifiyata ne. Tun zamanin tsohon mai gidan shi ke riƙe da makullin get, kuma albarkacin makullin aka ba shi ɗakin bakin ƙofa kyauta. A ɗakin nake kwana tun da na dawo daga aikin jirgin ruwa, don mahaifiyata ta ce kai-komon da nake yi a tsakar gida yana sa ta jiri, in je in yi wa ɗan'uwanta. Shekarun da na yi a waje annobar ta ritsa da ni a tashoshi daban-daban, kuma rashin abin yi ya sa nake ba Kawu labarin abin da na gani. Ni na je, shi ya fahimta. Haka yake gaya wa mutane.

Mai gidan ya rasu, gida ya koma hannun 'yarsa. Ta bugo waya ta ce ƙarshen wata za ta zo da wani mutumin kamfanin masu gadi ya duba gidan. Ba sai an fassara wa Kawu ba: in makulli ya tafi, ɗaki zai bi shi. Washegari ya dawo daga kasuwa goye da tsohon tankin feshi, ya ce zai nuna wa yarinyar nan abin da kamfani ba zai iya ba. Haɗin da yake zubawa a ciki nasa ne na kansa: maganin sauro, ruwan wanke bayi, da ɗan kananzir don abin ya kama jiki. Safe da yamma yana bin lungu-lungu yana fesawa.

A makon ne Tela da ke bene ya fara tari. Matar Direba ta karɓa, yara suka ɗauka. Kawu ya ƙara feshi, tari ya ƙaru. Ya dube ni ya ce abin da yake tsoro ke nan, annoba ta dawo, kuma Allah ya sa wannan karon ta tarar da wanda ya shirya mata.

Ya tara mutanen gida a bakin famfo, ya kifa bokiti ya hau. Ya ce daga yau gidan nan ba gida ba ne, duniya ce, kuma ya raba ta.

Bene ya zama ƙasar walda. Na taɓa ba shi labarin wata tasha inda aka ce daga waje ake toshe wa mutane ƙofa da walda, a riƙa miƙa musu abinci. Saboda haka ƙofar ƙarfen da ke gindin matakala za ta sha kwaɗo, kuma kowa ya rufe tagarsa kada iska ta shigo da wani abu. Ɗakunan baya suka zama ƙasar rana-rana, inda maza ke fita yau, mata gobe. Get kuwa tsibiri ne, irin wanda ya rufe iyaka ya ce ko tsuntsu ya dakata. Shagon aski da ke gaba, mai ƙofa a kan titi, shi aka ba ƙasar ko-oho, wadda ba ta rufe komai ba, ta ce kowa ya yi hankali da kansa.

Mai aski tsohon abokin Kawu ne, kuma bai taɓa barin maganarsa ta faɗi ƙasa ba tare da ya taka ta ba. Ya ce tun da suke, yau ne Kawu ya fara ba shi abin kirki, ko dai kuskure aka yi?

"Ba kuskure," in ji Kawu. "Da ku za a gwada a ga yadda ake mutuwa."

"To, Shugaba, in na mutu wa zai yi maka aski?"

"Ɗan adawa ba ya mutuwa da wuri. Na lura."

Daga ranar sunan Shugaba ya bi shi, kuma bai taɓa neman a cire masa ba.

Da muka koma ɗaki ya ce akwai ƙasa ɗaya da ban ba shi labarinta ba, kuma a lissafinsa ita ce ta ɗaya a duniya. Kullum rediyo sai ya faɗa: an saka mata takunkumi, an ƙara mata takunkumi, an tsaurara mata takunkumi. Shekara da shekaru, tun kafin a san da cutar. Wannan, in ji shi, shi ne hangen nesa. Sauran ƙasashe sai da aka fara mutuwa suka nemi ƙyallen rufe hanci, ita kuwa tuni bakinta a ɗaure.

Na ce masa wancan takunkumin daban ne, ba na hanci ba ne, hana ciniki ne. Mu kanmu jirginmu bai samu shiga tasharta ba, daga nesa muka hango fitilunta muka wuce.

"Ka ji ko," in ji Kawu. "Jirgi ma bai shiga ba, balle cuta."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. Ya ce matsalar masu tafiya ke nan, ido ya gani, kai bai ajiye ba.

Ƙasar rana-rana ce ta fara kawo ƙara. Direba ya ce motar haya ba ta san ranar mata ba, kullum take son a tashe ta. Matarsa ta ce a ranar maza shi aka aika kasuwa, ya dawo da albasa ruɓaɓɓiya da labarin ƙwallo. Kawu ya ce haka aka yi fama a can ma, kuma ba wanda ya mutu saboda albasa. Ana cikin haka bakina ya suɓuce, na ce ai akwai inda aka hana kowa fita sai mai zagayawa da kare. Mai aski yana tsaye a ƙofar shagonsa ta baya da almakashi a hannu. Ya ce tunda dabarun duniya duka aka ce za a jera, ina aka bar ƙasar kare? Ko Shugaba ya fara son kai a tsakanin ƙasashe?

Babu kare a gidan. Abin da ke akwai agwagwa ce, ta wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo, mai ɗakin ƙarshe a baya. Kawu ya zagaya agwagwar, ya duba ta gaba da baya, ya yanke hukunci cewa a wannan mas'alar agwagwa kare ce, muddin da igiya a ƙafarta.

Tun daga nan agwagwa ta shiga aikin gwamnati. Direba ya ja ta ya fita da safe, ya zagaya bayan gida, ya miƙo ta ta kan katanga. Matarsa ta cafe, ta ja ta ta fita. Maƙwabcinsu na jira a gindin katanga. Kafin rana ta take, duk ƙasar rana-rana ta fice, maza da mata, kowa bisa doka. Kawu na zaune a bakin get yana buɗewa yana rufewa, har ya fara kallon abin da wani ido. Ya kira ni ya ce ya lura agwagwar nan kullum fita take yi, bai taɓa ganin shigowarta ba. Na ce abin da ɗaure kai. Ya ce ba wani ɗaure kai, fasa-ƙwauri ne: agwagi ne da yawa tsohuwar ke ɓoyewa, kuma duk kamarsu ɗaya.

Ya je bincike ɗakin Gwaggo da tankinsa. Ta tare ƙofa da muciya, ta ce agwagwarta ɗaya ce tal, kuma tun da aka mai da ita kare ta daina ƙwai, ta rame, ko tafiya sai ta tsaya ta huta. Ta ce ta san shi tun yana yawo ba wando, in ya fesa mata wannan abin a ɗaki, a tankin za ta dafa shi. Kawu ya dawo ya ce min an cimma matsaya ta hanyar diflomasiyya.

Ƙasar walda kuwa da guga take rayuwa. Tela ya ɗaura igiya a ƙarfen baranda, ruwa ya hau, burodi ya hau, kwanukan wanki su sauko. Duk abin da zai ƙetare iyaka sai Kawu ya tsayar da shi a tsakiya ya feshe. Matar Tela ta ce shayinsu ya koma warin fitila. Masu kawo ɗinki kuma tsibiri ya hana su shiga, sai su tsaya a titi, Tela ya leƙo ta taga ya auna su da ido, ya ce su juya, su ɗaga hannu. Yadi ya shiga guga, ya sha feshi, ya hau. Ɗinki ya shiga guga, ya sha feshi, ya sauko. Ruwan wanke bayi ba ya wasa da launi. Wani ya kawo yadi baƙi ya karɓi riga mai zane-zane kamar bayan zabuwa. Wani wandonsa ya fito ƙafa ɗaya ta girmi ɗaya, Tela ya ce ai a karkace ya tsaya. Kawu ya ce kowace ƙasa tattalin arzikinta ya taɓu, ba kansu farau ba.

Wata rana da hantsi ya kama Tela a tsakar gida yana shan iska da silifas. Ashe da tsinken kwance ɗinki yake buɗe kwaɗon, ya sauko ya miƙe ƙafa, ya koma ya rufe. Kawu bai yi faɗa ba. Ya raka shi har matakala, ya datse, ya ɗauko gam mai kamawa nan take ya ɗura a ramin makullin har ya tumbatsa. Ya ce wannan ita ce walda ta zamani, ba wuta ba hayaƙi. Na tambaye shi yadda za a buɗe in lokaci ya yi. Ya ce ƙasashen ma ba su yi tunanin wannan ba sai daga baya, kada in sa shi gaba da duniya.

Sai maganar tafi. Na taɓa gaya masa inda mutane ke fitowa taga da yamma su tafa wa ma'aikatan asibiti. Kawu ya sanar cewa in rana ta yi sanyi zai buga tanki da makulli, kowa ya fito ya tafa wa ma'aikatan lafiya. Mai aski ya leƙo ya tambaya ina suke, don ya san inda zai fuskanta. Kawu ya gyara igiyar tankin a kafaɗa ya tsaya a tsakiyar fili. Ya buga. Shiru, sai tari daga bene. Can aka ji tafi ɗaya daga ɗakin ƙarshe, aka sake jin wani. Gwaggo ce ke kashe sauro, waɗanda duk feshin nan bai hana su komai ba, sai ma ƙarfi da suka ƙara. Kawu ya dafa ƙirji ya rusuna ta wajen.

Da aka kwana biyu ya zauna kwatanta sakamako, abin da aka yi duk wahalar dominsa. Ƙasar walda, wadda ta fi kowa shan feshi kuma tagoginta a rufe, tari har da shiɗewa. Ƙasar rana-rana dama-dama, don ba sa wuni a gida. Ƙasar ko-oho, wadda Kawu ya ƙi fesa wa ko ɗigo don ta ɗanɗana kuɗarta, ko atishawa babu. Mai aski har waƙa yake yi yana wasa aska.

Na ce, "Kawu, ba ka ganin wani abu a nan?"

Ya ce yana gani sarai. Ƙasar ko-oho tana ɓoye alƙaluma.

Ya tafi ƙofar shagon, a gaban masu jiran layi, ya sanar cewa ya ƙaƙaba wa shagon aski takunkumi. Ba ɗiban ruwa a famfon gida, kuma duk ɗan gidan da ya zauna a kujerar nan ya ci amanar ƙasa.

"Wane iri, Shugaba?" in ji mai aski. "Na hanci ko na ciniki?"

"Duka biyun."

"Akwai na uku, wanda ake ɗaura wa jaki kada ya ci hatsin mutane. Shi na ajiye maka."

Masu layi suka kwashe da dariya. Mai aski ya ƙara da cewa ya gode, don ya ji a bakin Shugaba cewa ƙasa mai takunkumi ita ce ta ɗaya a duniya, ga shi yau an ɗaga shi daga na ƙarshe zuwa na farko ba tare da ya nema ba. Kawu ya ce nasa na hukunci ne, wancan na hikima, kuma bambancin ya fi ƙarfin mai wanke kan mutane. Takunkumin dai ya kama. Unguwa ta ji labari, shagon ya cika da masu zuwa aski don su ji yadda aka kwana a duniya. Wanda abin ya ci shi ne Kawu, da gashi ya taru masa a ƙeya, gemu ya bazu, kuma ba shi da wani mai askin.

Ranar da 'yar mai gida za ta zo, tun da safe ya sha wanka, ya sa tsohuwar rigarsa mai aljihu huɗu, ya cika tanki da sabon haɗi mai ƙarfi na musamman. Ya ce min in tsaya kusa, in an tambaya in tabbatar cewa duk abin da ake yi a nan haka ake yi a waje.

Kafin ta iso wasu suka riga ta. Masu kawo ɗinki ne, kowa riƙe da abin da guga ya sauko masa da shi, mai rigar bayan zabuwa a gaba. Suka taru a bakin tsibiri suna kiran Tela ya fito. Tela ya leƙo ta taga yana tari, ya ce shi ma abin da yake roƙo ke nan. Waɗanda ake yi wa aski suka fito da ƙyalle a wuya, wani rabin kansa a aske. Masu shaguna na tsallake suka jawo benci.

Mota ta tsaya. 'Yar mai gida ta fito, mace mai natsuwa da tabarau, mutumin kamfani na biye da ita cikin kaki mai guga. Kawu ya ƙame ya sara mata, ya zaro makulli zai buɗe ƙaramar ƙofa. Sai mai aski ya yi gyaran murya, ya tambayi jama'a, cikin ladabi, yau ranar su wa ce.

Ranar maza ce. Matar Direba, da aka mayar daga bakin get da safe saboda agwagwa ta ƙi tashi, ta tabbatar daga ciki da babbar murya. Ta ce in an buɗe wa wata mace yau, to doka ta mutu, kuma ita za ta fara taka gawar.

Kawu ya tsaya da makulli a hannu. Ya dubi 'yar mai gida, ya dubi taron. Ya ce mutumin kamfani zai iya shiga. Mutumin da aka kawo don ya karɓe masa aiki ya wuce ciki yana duba katanga, mai gidan kuma tana tsaye a rana.

"Baba, gidan ubana ne fa," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, ko a can shugabanni sun bi layi. Amma akwai hanya."

Ya aike ni ɗakin ƙarshe. Gwaggo ta ce agwagwarta ba ta da lafiya, sai da na ce mata mai gida ce da kanta, sannan ta ce to a ɗauke ta a hannu, kada a ja. Haka 'yar mai gida ta shiga gidan ubanta, jaka a hannu ɗaya, igiya a ɗaya, ni ina biye rungume da agwagwa. Taron ya biyo mu, don Kawu ya manta bai rufe iyaka ba.

Ya fara zagayawa da ita yana bayani: nan ƙasar kaza, can ƙasar kaza, ga darasin da duniya ta kasa ɗauka. Tana sauraro har muka iso gindin matakala, inda mutanen bene suka jeru a bayan ƙarfe kamar masu jiran beli. Matar Tela ta gaishe ta, ta ce a taimaka a gaya musu laifinsu. 'Yar mai gida ta ce a buɗe. Kawu ya ce buɗewa mataki-mataki ake yi. Ta ce a fara matakin farko. Ya zura makulli, makulli ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya tofa masa yawu, ya sake. Mutumin kamfani ya sunkuya ya duba, ya tambaya wa ya ɗura gam a ciki. Kawu ya ce wannan tambaya ce ta tsaro.

A daidai lokacin Tela, da yake son mai bayan zabuwa ya ga ba laifinsa ba ne, ya sako guga daga baranda da sauran yadin da ya jiƙa cikin ruwa ko feshin zai fita. Igiyar ta gaji da aikin ƙasa da ƙasa. Gugan ya sauka a kafaɗar mutumin kamfani, ruwan ya gangara cikin kakin. Ƙarar ƙarfen a kan siminti ta yi kama da bugun tanki, yaran bene kuwa tun bayan ranar farko an horar da su, sai suka fara tafi.

Kawu ya ga abin na neman ƙwacewa, ya koma ga makaminsa. Ya ce ranki ya daɗe, duk wannan ƙananan abubuwa ne, ga asalin aikin. Ya danna famfon tankin da ƙarfi, ya ɗaga sandar sama, ya saki sabon haɗin a tsakiyar jama'a.

'Yar mai gida ce ta fara. Mutumin kamfani ya bi. Masu ɗinki, masu aski, masu benci, duk wanda ya shigo da lafiyarsa ya kama tari yana share hawaye. Agwagwa ta yi wani sauti da ban taɓa ji ba, ta fizge ta haye katanga da kanta, hanyar da ta fi sani. Kawu ya buɗe baki zai ce kun gani, ta yaɗu, sai nasa ya turnuƙe shi. Shi ne a gindin sandar, kuma sabon haɗin bai san mai shi ba. Ya durƙusa yana tari kamar zai amayar da huhu, tanki na rawa a bayansa.

Mai aski ya toshe hanci da ƙyallen aski ya matso. Ya ce shi jahili ne, bai je ko'ina ba, amma a tambayi ɗan jirgi: ƙasashen nan da suka saɓa a kan komai, akwai abin da suka haɗu a kai? Duk ido ya dawo kaina. Kawu ma ya ɗago, da ma ya ce in tabbatar da yadda ake yi a waje. Na ce duk inda na je, wanda ya fi kowa tari shi ake killacewa.

Direba da mai bayan zabuwa suka kama shi ta hammata, cikin girmamawa, suka kai shi ɗakinsa. 'Yar mai gida ta zare tankin, ta karɓi tarin makullan, ta rufe ƙofar da hannunta daga waje. Aka kira mai walda na gaske ya yanke kwaɗon bene. Mutumin kamfani ya matse hularsa ya ce zai yi shawara da ofis, kuma daga yadda ya shiga mota ba tare da ya waiwaya ba aka san shawarar.

Kafin ta tafi ta tsaya a tagar Kawu. Ta ce albarkacin mahaifinta ɗaki yana nan, ba mai fitar da shi. Makulli kuwa ta ba Gwaggo.

"Kuma na saka maka takunkumi, Baba. Ba feshi, ba doka, ba taro a bakin famfo."

 Daga ciki muryarsa ta fito a dishe, yana tambaya ko ta ce takunkumi. Ta ce haka ta ce. Ya ce ya gode, Allah ya ƙara girma.

Ni a shagon aski na koma kwana, a kan bencin masu layi. Kafin mako ya zagayo tari ya ɗauke a gidan kamar an kashe rediyo. Aka buɗe tagogi, shayi ya dawo shayi, agwagwa ta yi ƙwai. Gwaggo ta ce killacewar ba ta cika ba tukuna, ita za ta faɗi ranar, kuma ba ta ga abin sauri ba.

Na kai masa abinci ta taga na tarar ya warke sarai, gemu ya ƙara bazuwa, rediyo na kunne. Ya ce in kira masa ɗan adawa. Mai aski ya zo da almakashinsa ya jingina da bango.

Kawu ya ce yanzu a kwatanta tsakani da Allah. Ƙasar walda ta kulle miliyoyi, cuta ba ta tafi ba. Ƙasar rana-rana ta raba miji da mata, ba ta tafi ba. Tsibiri ya rufe, ko-oho ta buɗe, duk ba ta tafi ba. A nan kuwa mutum ɗaya tak aka kulle, ga takunkumi a kansa, annoba ta tattara ta bar gari. Ya tambaye ni, a duk yawon da na yi, na taɓa ganin ƙasar da ta yi haka?

Na ce ban taɓa ba.

"To ka gaya musu mu ne na ɗaya. Kuma ka faɗa musu ba talaka aka kulle ba, shugaban ne da kansa."

Mai aski ya gyaɗa kai a hankali, ya ce wannan karon ba shi da ja.

"Da duniya ta san wannan dabarar tun farko, Shugaba, da ba a rufe ko shago ɗaya ba."

Kawu ya ce in rubuta ranar, yau ɗan adawa ya sallama. Sannan ya miƙo ƙeyarsa ta tsakanin ƙarafan taga, ya ce tunda an sasanta, a fara daga baya.